Kantar renon shuka a cikin ɗaki: abin da take iyawa da abin da take ci

Duk wanda ya san gidajen haya na Nima a Accra, ko na Aboabo a Kumasi, ya san maganar filin shuka ba ta taso ba. Tsakar gida siminti ce, igiyar shanya ta tare rana, ɗan lungun da ya rage kuma na awaki ne da kaji. Ga shi duk rani tumatir da yawa daga Burkina Faso ake lodo shi, kuɗinsa ya hau ya sauka yadda ya ga dama. Shi ya sa wasunmu ke shuka a bokiti da buhu a bakin ƙofa. Inda aka fi yin asara shi ne makonnin farko: tsiro na fitowa ruwan sama ya kwantar da shi, ko kaza ta tsince.

Saboda waɗannan makonni na haɗa kanta a cikin ɗaki, na rataya mata fitilu. Amma fa tun daga farko a sani, wurin reno ce. Tana raya tsiro har ya isa dashe, tana kuma ba da ganye irin su na'a-na'a ta ataya, doddoya da lansir. Tumatir da attarugu sai sun fita rana kafin su yi 'ya'yan kirki, domin hasken da suke buƙata a lokacin ya fi ƙarfin waɗannan fitilu.

Tawa tsayinta santimita 150 ne, faɗinta 120, zurfinta 45. Hawa biyu na shuka, tsakanin kowane santimita 45, can ƙasa kuma wurin ajiye taki da bokiti. Faɗin nan na 120 da gangan ne, daidai yake da tsawon doguwar fitilar LED mai ƙafa huɗu da ake samu a kowane shagon kayan wuta. Katakon wawa na yi amfani da shi don arha da sauƙin aiki, sai dai ba ya jure laima, kuma ƙwari na son sa. Don haka na sa kafinta ya shafe shi da farin fenti mai mai sau biyu. Farin yana da wani amfanin: yana mayar da haske kan ganye. Na kuma ɗaure kantar da bango, saboda ƙasa mai jiƙe nauyi gare ta, ga yara a gida.

Wajen sayen fitila, a duba jikin kwali. A nemi mai wat 18, wadda aka rubuta 6500K, wato fari tas irin hasken rana tsaka. Ganye ya fi amfani da shuɗi da jan haske, kuma farar LED na ɗauke da dukkansu, saboda haka ba sai an nemi fitilun nan masu tsada masu launin shunayya ba. Tsohon ƙwai mai zafi kuwa a manta da shi, mafi yawan wutar da yake ci zafi take komawa.

Fitila biyu nake sa wa kowane hawa, a rataye da ƙaramar sarƙa da ƙugiya. Sirrin aikin yana nan. Haske na raguwa da sauri in ya yi nisa, shi ya sa nake barin santimita 10 zuwa 15 kawai tsakanin fitila da kan tsiro, in riƙa ɗaga sarƙar yana girma. In ka ga tsiro ya yi dogon wuya, siriri, ya koɗe yana langaɓewa, yunwar haske yake yi, sai a sauko masa da fitila.

Awa 14 nake ba su, daga bayan asuba zuwa bayan isha. Kada a bar fitila ta kwana a kunne, shuka ma na buƙatar duhu. Ƙaramin taima da ake sawa a soket yana ɗauke wa mutum wannan ɗawainiya. In an ɗauke wuta yini ɗaya ba abin tashin hankali ba ne, sai a kai su bakin taga.

To nawa take ci? Fitila huɗu masu wat 18 sun zama wat 72. A awa 14, yunit ɗaya ke nan a rana, kusan yunit 30 a wata. Kowa ya lissafa da farashin mitarsa. In kuwa mita ɗaya gidan ke rabawa, a faɗa wa maƙwabta tun kafin a kunna, a amince da ƙarin da za a biya. Ganyen shayi bai kai a ɓata zaman tare ba.

Tukwanena ledar fiya wata ce. A yanke bakin, a huda ƙasa, a cika da ƙasa mai laushi haɗe da rairayi da takin da ya ruɓe sosai. Ɗanyen kashin kaji ƙone saiwa yake yi. Tumatir kan tsiro cikin kwana 5 zuwa 10, ya isa dashe a mako 4 zuwa 6. Attarugu na da nawa, yakan kai mako biyu ko uku kafin ya leƙo. Na'a-na'a reshe ake yanka a sa a ruwa har ya yi saiwa. Latas kuwa ba ya son zafi, in ɗaki ya kai digiri 30 irinsa kan ƙi tsirowa, sai a jira sanyin hunturu.

Babbar cutar ɗaki ita ce wadda ke ruɓar da wuyan tsiro dab da ƙasa, ka wayi gari ya kife. Yawan ruwa da rashin iska ke kawo ta. Nakan jera ledojin a faranti, in zuba ruwa a farantin su sha ta ƙasa, in zubar da saura bayan rabin awa. Ƙaramar fanka na 'yan awoyi tana busar da saman ƙasar, tana kuma ƙarfafa kara.

Maganar da ba wasa a cikinta ita ce ruwa da lantarki. Soket da mahaɗar waya su zauna a saman kanta, inda ɗigo ba ya kaiwa. Kowane hawa a shimfiɗa masa leda mai kauri, domin fitilar hawan ƙasa tana ƙarƙashinsa. A kira mai gyaran wuta ya haɗa, kada a murɗa waya a naɗe da salatif. A gidan da ɗakuna ke manne da juna, gobarar ɗaki ɗaya ta kowa ce.

Ranar dashe kuma kada a fitar da tsiro kai tsaye zuwa rana, ganyensa zai ƙone. A fara da awa ɗaya ko biyu na safe, a riƙa ƙarawa har mako guda, sannan a dasa a bokiti da yamma. Hawa ɗaya na ɗaukar leda fiye da hamsin, alhali ƙofar ɗaki da ƙyar ta ɗauki bokiti shida. Sauran sai a raba wa maƙwabta, ko a sayar a rage kuɗin wuta.