Makka: Abin da ya kamata a duba kafin sayen ƙaramar na'urar Wi-Fi

Intanet ta shiga cikin guzurin mai zuwa Makka. Da manhajar Nusuk ake neman izinin shiga Rauda a masallacin Madina, ta waya jami'an alhazai ke sanar da lokacin tashin mota da na jirgi, kuma ta nan ne iyalan da aka bari a Kano ko Maraɗi ke jin lafiyar nasu. A aikin Hajjin 2024 mutum sama da miliyan 1.8 ne suka taru a birnin, kusan kowa da waya a hannunsa.

Mazauna birnin ma haka abin yake a wurinsu. Hausawa sun daɗe a Makka, wasu kakanninsu sun iso ne da ƙafa ta Sudan bayan Turawan Ingila sun ci Daular Sakkwato a 1903, kuma har yau ana jin Hausa a unguwanni irin su Shara Mansur da Misfala. A gidajensu yara na karatu ta intanet, manya kuma na sabunta takardun zama da biyan kuɗin wuta ta manhajoji.

Wannan ne ya sa ƙaramar na'urar rarraba intanet, wadda wasu ke kira rauta, wasu kuma MiFi, ta zama abin nema. Sai dai mai saye kan ruɗu da manyan lambobin da aka rubuta a jikin kwali, alhali abin da zai yanke hukunci a kan amfaninta yana wani wuri dabam.

Na'urar ba ta ƙirƙirar intanet

Aikin rauta kamar na tankin ruwa ne a gida: abin da ya shigo daga babban bututu shi take rabawa. Idan ruwan da ke zuwa ɗigo ne, girman tanki ba zai mayar da shi ambaliya ba. Saboda haka tambayar farko ita ce ta ina intanet za ta shigo, kuma amsar ce ke raba na'urorin gida uku.

Na farko ita ce ta aljihu, mai batir, wadda ake sa wa katin SIM. Ba ta fi tafin hannu ba, kuma ita ta fi dacewa da matafiyi. Na biyu ma tana amfani da SIM, amma ana jona ta da wutar lantarki a ajiye wuri guda. Ta fi ta aljihu ƙarfin kama sabis domin eriyoyinta sun fi girma. Na uku kuwa ba ta da ramin SIM sam: sai an haɗa ta da wayar intanet da aka jawo cikin gida, ko kuma ta ɗauko Wi-Fi na otal ta sake rabawa.

A ido ta biyu da ta uku sun yi kama sosai, kuma ta ukun ta fi araha. Wanda ya saye ta yana zaton zai sa mata SIM ya yi asarar kuɗinsa.

Duwatsu, siminti da cunkoso

Makka gari ne da ke cikin kwari, duwatsu sun kewaye shi, har sai da aka huda su aka yi hanyoyin mota. A kewayen Harami kuma dogayen otal-otal ne na siminti da ƙarfe, wanda ya fi su tsawo shi ne benen agogo mai mita 601. Dutse da siminti da rodi duk suna tare igiyar sadarwa. Shi ya sa sabis kan cika a bakin titi, amma ya ragu a ɗakin da ke can ciki ko a hawan ƙarƙashin ƙasa.

Manyan kamfanonin sadarwa uku ne ke da turakunsu a Saudiyya: stc da Mobily da Zain. Tun 2019 aka fara amfani da fasahar 5G a ƙasar, kuma kowace shekara kamfanonin kan ƙara turaku a Mina da Arfa da Muzdalifa saboda Hajji. Duk da haka ƙarfin kowane kamfani ya bambanta daga unguwa zuwa unguwa, har ma daga ɗaki zuwa ɗaki. Layin da ya yi kyau a Aziziyya ba lallai ne ya yi kyau a Jarwal ba.

Hanya mafi sauƙi ita ce gwaji kafin saye. Mutum ya ari wayoyin maƙwabta ko abokan ɗaki masu layuka dabam-dabam, ya duba saurin kowanne a daidai inda zai ajiye na'urar. A yi gwajin bayan sallar Isha'i, lokacin da jama'a suka koma masauki kowa ya hau waya, domin saurin da aka gani da hantsi yakan yaudari mutum.

Shin za ta karɓi layin Saudiyya?

Da yawa daga cikin na'urorin da kamfanonin waya ke sayarwa da rahusa a Najeriya da Nijar a kulle suke, ba sa karɓar kowane SIM sai na kamfanin da ya sayar da su. Alhajin da ya ɗauko irin wannan daga gida zai isa Jidda ya tarar ba ta da amfani. Kafin a sa ta cikin jaka, a gwada mata layin wani kamfani. Idan ta ƙi, to a kulle take.

Ko a buɗe take, saura batun mita. Mai sauraron rediyo ya san cewa akwatin da ba shi da gajeren zango ba zai kama tashar da ke watsa shiri a kan gajeren zango ba. Haka ma rauta. Kamfanonin Saudiyya na amfani da zanguna da dama na 4G, ciki har da megahaz 1800 da 2100 da 2300 da 2600, yayin da mafi yawan 5G ke tafiya a kewayen 3500. Ana rubuta zangunan da na'ura ke kamawa a jikin kwali ko a takardar da ke ciki. Wadda aka ƙera domin kamfani guda a wata ƙasa takan kama zango ɗaya ko biyu ne kawai. Gwargwadon yawan zangunanta, gwargwadon damar da take da ita ta samun hanya idan ɗaya ta cushe.

Shi kansa layin ba a sayar da shi a Saudiyya sai an yi masa rajista da fasfo ga baƙo ko katin iƙama ga mazauni, tare da hoton yatsa. Kamfanonin na da rumfuna a filayen jirgin sama na Jidda da Madina. Yana da kyau a tambayi mai sayarwa ko tsarin datar da za a saya zai yi aiki a cikin rauta, kuma idan an ce datar ba ta da iyaka, a tambayi adadin da ake kaiwa kafin a rage mata gudu. Layin da aka saya a hannun ɗan tsaye, da sunan wani, ana iya rufe shi a kowane lokaci.

Lambobin jikin kwali

Yawancin na'urorin aljihu masu sauƙin kuɗi an rubuta musu megabit 150 a daƙiƙa. Wannan ƙololuwar abin da za su iya ne a ɗakin gwaji, inda babu bango kuma babu cunkoso. A zahiri abin da ake samu bai cika kaiwa rabin haka ba, kuma shi ne duk waɗanda suka hau za su raba. Masu megabit 300 sun fi su da abu guda mai muhimmanci: suna iya haɗa zanguna biyu a lokaci ɗaya, abin da ke taimakawa a wuri mai yawan jama'a.

Misali, samfurin M7200 na kamfanin TP-Link yana ɗaukar waya goma, batirinsa mai ƙarfin 2,000 ne, kuma kamfanin ya ce yana kai awa takwas. Wannan ya wadaci ɗakin alhazai huɗu ko biyar masu tura saƙo da kiran gida. Bai wadaci gidan da ke da talabijin mai intanet da kwamfuta da yara masu kallon bidiyo ba.

Sai kuma zangon da na'urar ke magana da wayoyin cikin gida. Na gigahaz 2.4 ya fi ratsa bango da zuwa nesa, amma hanyoyi uku kacal gare shi waɗanda ba sa hawa kan juna. A bene mai ɗakuna ɗari, inda kusan kowane ɗaki ke da tasa na'urar, waɗannan hanyoyi uku kan zama kamar mashigar Harami bayan an sallame sallah. Na gigahaz 5 ya fi yawan hanyoyi da sauri, sai dai ba ya nisa. Ga mai ɗaki guda ko biyu a gini mai cunkoso, na'urar da ke da zangunan biyu ta cancanci ƙarin kuɗin da za a biya.

A 2021 hukumar sadarwa ta Saudiyya ta buɗe ɗaukacin zangon gigahaz 6 domin Wi-Fi, ta zama ta farko da ta yi haka a yankin Turai da Afirka da Gabas ta Tsakiya. Sai dai wanda zai amfana shi ne mai sabuwar waya da ke kama wannan zango. Mai tsohuwar waya da ya sayi rauta mafi tsada ya biya kuɗin abin da ba zai mora ba.

Lissafin data ma na cikin zaɓin. Idan aka ƙaddara cewa kiran bidiyo na cin megabait biyar a minti, mutum huɗu da kowannensu ke kiran gida na rabin awa a rana za su cinye megabait 600 a kullum, wato gigabait 18 a wata. Ba a sa kallon wa'azi a YouTube ba, wanda kan ci kusan gigabait guda a awa idan hoton ya fito tar.

Zafi da batir

A watan Yunin 2024 zafi ya kai digiri 51.8 a ma'aunin Salshiyas a Masallacin Harami, kuma hukumomin Saudiyya sun tabbatar da rasuwar mahajjata sama da 1,300 a Hajjin shekarar. Batirin litiyam, wanda ke cikin waya da rauta, bai saba da irin wannan yanayi ba. Kamfanin Apple, alal misali, ya shawarci masu wayoyinsa da kada su yi amfani da su a zafin da ya wuce digiri 35.

Na'urar da ta ɗauki zafi takan rage gudu ko ta mutu da kanta, batirinta kuma yakan kumbura idan abin ya yawaita. Kada a bar ta a gaban mota, ko a cusa ta ƙarƙashin matashi tana caji. Ga mazaunin da na'urarsa za ta wuni ta kwana a jone, wadda ba ta da batir ta fi ƙarko. Inda ya fi dacewa a ajiye ta shi ne kusa da taga, a sama, amma ba inda rana ke bugawa ba.

Soket ɗin Saudiyya mai baki uku ne irin na Ingila, kamar na Najeriya. Mutanen Nijar da Kamaru, waɗanda cajojinsu masu baki biyu ne irin na Faransa, sai sun nemi mahaɗi. Ƙa'idar jiragen sama kuma ita ce batirin ajiya da fawa-banki a jakar hannu ake sa su, ba cikin kayan awo ba.

Kalmar sirri

Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kowace na'ura na zuwa da kalmar sirri iri biyu: ta hawa Wi-Fi, da ta shiga shafin sarrafa ta, wadda a yawancin tsofaffin samfura kalma guda ce da kowa ya sani. A sauya su duka a ranar farko. A kuma tabbatar tsarin tsaronta WPA2 ne ko WPA3, wanda ya fito a 2018. A masaukin da ɗaruruwan mutane ke kwana, sakaci da wannan na iya janyo ƙarewar data cikin kwana biyu, ko ma ya ba masu kutse ƙofa ga mai amfani da manhajar banki.

Inda rauta ba ta da amfani

Akwai haɗari guda da masu haɗa kuɗi su sayi na'ura ɗaya ba su cika lura da shi ba. Wi-Fi na na'urar aljihu bai wuce 'yan mitoci ba. Muddin ana ɗaki tare, kowa na samu. Amma a Mina, inda tantuna sama da 100,000 suka yi kama da juna, ko a hanyar jifan Shaiɗan, taku kaɗan ya isa ya raba mutum da ayarinsa. Na'urar tana aljihun mutum ɗaya. Dattijuwar da ta ɓace kuwa ta rage da waya wadda ba ta iya kiran kowa, ba ta iya tura inda take, a cikin zafin da ke kisa.

Don haka rauta ta masauki ce. Kowane alhaji, musamman tsofaffi, na buƙatar layinsa a cikin wayarsa, da 'yar data da kuɗin kira, da lambar jagoran ayari a rubuce a takarda. Wanda ya zo shi kaɗai ma ba ya buƙatar sayen komai, domin wayarsa na iya raba intanet ga kwamfutarsa, ko da yake hakan na shan batir.

Ga alhazan da ke ɗaki guda, na'urar aljihu ta 4G wadda ba a kulle ba, mai zanguna da yawa, ta isa. Ga iyalin da ke zaune a birnin, a fara tambayar mai gida ko an jawo wayar faiba zuwa ginin, domin ita ce ba ta raguwa idan baƙi suka cika gari. Idan babu, sai a nemi na'urar jonawa da wuta mai 5G, bayan an gwada layukan kamfanonin uku a cikin falon da za ta zauna.