Kifin da ke rairayar yashi da baki, da 'yan uwansa na kududdufinmu

Daga Kazaure zuwa gaɓar teku sai an yi tafiyar kilomita fiye da 800, don haka ba kowa ne a nan ya taɓa ganin kifin da ake kira gobi ba. Amma duk wanda ya ga mace tana tankaɗe da rariya zai gane sana'arsa nan take.

Gobi mai rairayar yashi yakan cika bakinsa da yashi, ya tsince 'yan tsutsotsi da ƙananan halittun da ke ciki, sannan ya fesar da yashin ta kafofin numfashinsa na gefen kai. Haka yake wuni. Masana suna kiran wannan dangi Valenciennea, sunan da aka ɗauko daga wani masanin dabbobi ɗan Faransa, Achille Valenciennes. Mazauninsa Bahar Maliya da tekun Indiya da na Fasifik.

A Turai da Amurka, masu kiwon murjani a akwatin gilashi suna sayensa don ya riƙa share musu yashi. Sai sun haɗa ruwan gishiri da kansu, wajen giram 35 a kowace lita, daidai da na teku. Abin tausayin kuwa, da yawa yunwa ce ke kashe shi. In akwatin sabo ne, ko ƙarami, cikin 'yan makonni zai cinye duk abin da ke cikin yashin, ya ci gaba da rairaya yana ramewa, mai shi na ganin bakinsa na motsi yana zaton ya ƙoshi. Ni dai a ganina, wanda ba zai iya ciyar da shi kullum ba bai kamata ya raba shi da teku ba.

Yana tsalle, dole a rufe akwatin. Yana kuma haƙa rami ƙarƙashin duwatsu har su rufta, shi ya sa ake fara ɗora dutse a kan gilashin ƙasa kafin a zuba yashi. Miji da mata rami ɗaya suke kwana.

Wani gobin kuma gida ɗaya yake da jatan lande mai raunin gani. Jatan lande ya yi haƙa, gobi ya yi gadi a bakin rami. Da ya hango haɗari sai ya kaɗa wutsiya, su faɗa ciki tare.

To, mu dawo gida. Karfasar da masunta ke kamawa a dam ɗin Kazaure ita ma ma'aikaciyar yashi ce. Namijin da bakinsa yake haƙa rami kamar kwano, macen ta zuba ƙwai, sannan ta kwashe su ta riƙe a bakinta har su ƙyanƙyashe su ɗan yi ƙwari, wajen mako biyu ba ta cin komai.

Gaiwa ce ta fi ba ni mamaki. Huhu gare ta, kuma in aka hana ta leƙowa sama ta shaƙi iska, a cikin ruwan za ta mutu. Idan kududdufi ya fara ƙafewa da kaka, sai ta nutse cikin taɓo, ta naɗe wutsiya a kan kanta, ta lulluɓe jikinta da yauƙi wanda ke bushewa ya zama kamar jaka, ta bar ƙaramar kafa a wajen baki. A haka za ta ƙetare rani, ba ci ba sha, har ruwan damina ya jiƙa ƙasar. Hausawa na cewa gaiwa jikinta take ci, kuma bincike ya gaskata su: naman jikinta take narkarwa kaɗan-kaɗan tana rayuwa da shi. Shi ya sa masu haƙa a busasshiyar fadama wajen Roni ko Babura kan iya tono ta da rai a tsakiyar watan Maris.