Yadda Ake Zana Bugun Ƙwayoyin Ƙwaƙwalwa a Fuskar Kwamfuta Nan Take

Ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana ƙunshe da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, kuma kowace ƙwaya tana isar da saƙo ga sauran ta hanyar wani ɗan gajeren bugun lantarki wanda bai cika wuce milisakan ɗaya ko biyu ba, wato kashi ɗaya ko biyu cikin dubu na sakan. Tun a shekarar 1926 binciken Edgar Adrian na Jami'ar Kambirij da ke Ingila ya nuna cewa ƙarfin bugun jijiya ɗaya kusan ba ya canzawa, don haka saƙon yana cikin yawan bugun da lokacin aukuwarsa. Wannan ne tushen zanen da masana ke kira rasta, inda ake ware wa kowace ƙwaya layi guda a kwance, lokaci yana tafiya daga hagu zuwa dama, sannan a ɗiga ɗan gajeren layi a tsaye a duk inda ƙwayar ta buga. Da duba ɗaya mai bincike zai gane ƙwayoyin da suka buga tare da waɗanda suka yi shiru.

Ana buƙatar ganin wannan zane yayin da gwajin ke gudana, domin mai zura siririn ƙarfen ɗaukar lantarki cikin ƙwaƙwalwa dole ne ya san a take ko ya isa wurin da yake nema, kuma ko ƙwayoyin suna amsa haske ko sautin da aka gabatar. David Hubel da Torsten Wiesel, waɗanda suka fara wallafa bincikensu kan ganin kyanwa a 1959, da lasifika suke sauraron bugun, kuma kunne ya wadatar da su saboda ƙwaya ɗaya suke bi a lokaci guda. Na'urar Neuropixels kuwa, wadda cibiyar imec ta ƙasar Beljiyam ta ƙera aka kuma bayyana ta a 2017, tana ɗaukar lantarki ta hanyoyi 384 a tare, kowace hanya sau 30,000 a sakan, wanda ya haura awo miliyan 11 a sakan guda.

Galibin fuskokin kwamfuta suna sabunta hotonsu sau 60 a sakan, ma'ana manhaja tana da ƙasa da milisakan 17 ta kammala kowane zane. Idan aka ɗauka ƙwayoyi 400 ne, kowace tana bugawa sau 10 a sakan, kuma ana nuna sakan 10 na baya, to akwai ɗigo 40,000 a fuskar. Manhajar da ta ɗauki kowane ɗigo a matsayin abu mai zaman kansa, ta goge komai ta sake zanawa a kowane sabuntawa, tamkar almajiri ne da ke wanke allonsa duka don ya ƙara harafi ɗaya. Wannan matsala ce sananniya ga masu amfani da Matplotlib, kayan zane na harshen Python wanda John Hunter ya fara a 2003 don nazarin lantarkin ƙwaƙwalwar masu farfaɗiya, domin ƙarfinsa yana wajen fitar da hoto mai tsabta don wallafawa, saurin motsi kuwa sai da dabara.

Dabarun da ake bi duk suna komawa ga rage aikin da ba dole ba. Ana tanadar ma'aji mai iyakantaccen girma wanda sabon bayani ke hawa kan mafi tsufa a zagaye, don kada kwamfuta ta riƙa neman sabon wuri a kowane lokaci. Ana haɗa dukkan ɗigon cikin jerin lambobi guda a miƙa su a zana da umarni ɗaya, ana kuma ajiye hoton abubuwan da ba sa canzawa, kamar layukan ma'auni da rubutu, a sake zana sabon yankin kaɗai. Kayan aiki irin su PyQtGraph, wanda Luke Campagnola ya rubuta don ɗakin gwajin jijiya, an gina su ne da nufin sauri, yayin da VisPy ke ɗora nauyin a kan na'urar sarrafa hoto ta kwamfuta, wadda ke iya zana ɗigo dubbai a lokaci ɗaya.

Abin da ya fi sauri muhimmanci shi ne gaskiyar zanen. A fuskar da faɗinta ya kai ɗigon haske 1,920, idan aka shimfiɗa sakan 10, kowane ɗigon haske yana wakiltar kusan milisakan 5, saboda haka bugu biyu da suka zo kusa za su haɗu su zama ɗaya a ido. Mai tsara manhaja nagari yakan ƙidaya bugun da suka faɗa cikin kowane ɗigon haske ya nuna yawansu da duhun launi, maimakon ya zubar da wasu ba tare da sanin mai kallo ba. Haka kuma wajibi ne a raba aikin karɓa da adana bayanai daga aikin zane, kowanne ya bi layinsa a cikin kwamfuta, ta yadda idan zanen ya yi jinkiri hoto ɗaya kawai za a tsallake. Hoton da aka tsallake ana iya sake fitar da shi daga abin da aka adana, amma bugun da ya ɓace kafin a adana shi ba ya dawowa, kuma asararsa tana shafar gwajin da aka yi a kan dabba mai rai ko majinyacin da ya ba da amanar kansa.