Riƙon Mabugi a Wasan Ƙwallon Tebur: Matakin Farko ga Mai Koyo

1.0 Gabatarwa

Wasan ƙwallon tebur ya samo asali ne a Ingila wajen ƙarshen ƙarni na 19. An kafa hukumarsa ta duniya a 1926, ya kuma shiga gasar Olamfik a 1988. Manufarmu a wannan takarda ita ce mu bayyana yadda ya kamata mai koyo ya riƙe mabugi, watau ɗan faifan katakon nan mai roba da ake bugun ƙwallo da shi. Dalilinmu kuwa shi ne, nauyin ƙwallon giram 2.7 ne kacal, tsawon teburin kuma mita 2.74. Ke nan ƙarfin damtse bai cika amfani a nan ba. Abin da ke kai ƙwallo inda ake so shi ne karkatar fuskar mabugi a daidai lokacin bugu, yatsu da wuyan hannu kuwa su ke sarrafa wannan karkata.

2.0 Riƙon Musafaha

Ana kiran sa haka ne domin mai wasa yakan kama mariƙin kamar zai gaisa da mutum. Manuniya za ta miƙe a gindin robar da ke baya, babban yatsa ya kwanta a gindin robar da ke gaba, sauran yatsu uku su naɗe mariƙin. Wajibi ne gefen faifan ya zauna daidai tsakiyar kwarin da ke tsakanin babban yatsa da manuniya. In ya zame zuwa ɓangare guda, bugun wannan ɓangare zai yi daɗi, na ɗayan kuwa ya lalace. Fa'idar wannan riƙo ita ce ana bugu da fuska biyu, ta tafin hannu da ta bayan hannu. Rauninsa kuma yana wajen ƙwallon da ta nufo gwiwar hannu, inda mai wasa kan yi jinkirin zaɓen fuskar da zai tare ta. Da shi ne Jan-Ove Waldner na Suwidin ya ci zinare a 1992, da shi kuma Aruna Quadri na Nijeriya ya kai zagayen mutum takwas na ƙarshe a Olamfik ta 2016.

3.0 Riƙon Alƙalami

Wannan ya fi shahara a ƙasashen Sin da Japan da Koriya. Babban yatsa da manuniya su ke zagaye mariƙin kamar mai rubutu, sauran yatsu su tokare faifan daga baya, kansa yana duban ƙasa. Wuyan hannu yakan sami sakewa ƙwarai, abin da ke taimakawa wajen murza ƙwallo a bugun farko da wasan kusa da raga. Amma da yake a asali fuska ɗaya ake amfani da ita, ɓangaren bayan hannu yakan yi rauni, sai ƙafa ta biya bashin da yawan zirga-zirga. Daga baya 'yan wasan Sin, musamman Wang Hao, sun toshe wannan kafa ta hanyar bugu da bayan faifan.

4.0 Abin da ke kan Malami

A ganinmu riƙon musafaha ya fi dacewa a fara da shi, saboda yana koya wa ɗalibi fuska biyu tun ranar farko. Sai dai malami ya lura da kurakurai uku. Na farko, damƙe mariƙi kamar ƙotar fartanya, wanda ke sandarar da wuyan hannu. Gwajinsa shi ne malami ya ja mabugin, in bai zare cikin sauƙi ba, riƙon ya yi tsauri. Na biyu, ɗora manuniya a tsakiyar roba, inda ƙwallo za ta riƙa dukan ta. Na uku, sauya riƙo tsakanin bugu da bugu, alhali saurin wasan ba ya ba da wannan dama.

5.0 Kammalawa

Hausawa na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ɗalibin da hannunsa ya saba da gurguwar riƙo yana iya cin tsaransa na ɗan lokaci, amma duk dabarar da za a ɗora masa nan gaba a kan karkataccen tushe za ta zauna, gyaran kuma ya fi koyon farko wuya. Don haka muke ba malaman wasanni shawara su duba yatsun ɗalibi kafin su dubi inda ƙwallonsa ta sauka.