Tayar Keke Ba Tiyub: Yadda Ake Yi, da Abin da Ke Biyo Baya

A garin Emporia na jihar Kansas ta Amurka, tun 2006 ake gudanar da tseren keke na mil 200 a kan hanyoyin tsakuwa, wanda a yau ake kira Unbound Gravel. Tsakuwar yankin ta dutsen ƙyastu ce, kaifinta na iya tsaga taya nan take. Shi ya sa da wuya ka ga ɗan tseren da ya shigo da tiyub a cikin tayarsa. Kusan kowa da tubles yake zuwa, wato taya marar tiyub.

Masu mota da babur sun daɗe da sanin tubles, amma a keke bai daɗe ba. A 1999 kamfanin Mavic na Faransa, tare da Michelin da Hutchinson, ya fito da tsarin UST don kekunan hawan dutse. Daga baya wani Ba'amurke, Stan Koziatek, ya yaɗa dabarar da ta fi karɓuwa: a liƙe rim da tef, a zuba ruwan roba a cikin taya. Ita ce masu keken burji suka gada, wato keken nan mai lanƙwasasshen kai irin na tsere, amma mai faffaɗar taya ta milimita 38 zuwa 50.

Ruwan nan shi ne ginshiƙin lamarin. Madarar itacen roba ce ko makamanciyarta, da ƙananan ɓarɓashi a ciki. Idan ƙaya ta huda taya, iskar da ke neman fita sai ta turo ruwan cikin hujin, ya daskare a wurin kamar yadda jini kan daskare a bakin ciwo. Sau da yawa mai keke bai ma san an yi ba. Wanda ya taɓa bin hanyar gona da tsidau ya baibaye ya san darajar wannan. Akwai kuma riba ta biyu: tun da babu tiyub ɗin da rim zai matse ya fasa idan an daki dutse, ana iya rage iska. Da yawa sukan tsaya tsakanin psi 30 zuwa 40, gwargwadon nauyin mutum da faɗin taya. Taya mai ɗan laushi ta fi kama ƙasa, ta kuma fi sha wa jiki girgiza.

Kafin a taɓa komai, a duba rubutun da ke jikin taya da rim. Dole duka biyun su zama an ƙera su don tubles. Galibi akan ga TLR ko TR ko TLE. Kekunan sufuri da muka saba gani a kasuwa ba su cikin wannan sahu, kuma tilasta musu ganganci ne, domin taya na iya subucewa daga rim ana cikin gudu.

A ganina, rabin aikin yana wurin tef, kuma nan ne aka fi yin garaje. Cikin rim akwai ramukan sifok, kowanne ƙofa ce ta iska. Sai a cire tsohon tef, a goge rim da sifirit har ya bushe ƙarau. Sabon tef ya ɗara faɗin cikin rim da 'yan milimita, a fara shi kaɗan kafin ramin bawul, a riƙa ja da ƙarfi ana dannawa da babban yatsa don kada iska ta maƙale a ƙasa, a zagayo har ya hau kan mafarinsa. Ramin bawul kuwa da tsinke ake huda shi, ba a yanka da wuƙa. Idan daga baya ka ji iska na tsiyaya ta gindin bawul, kada ka yi saurin ɗora masa laifi ka hau murɗa shi da filaya. Yawanci tef ne ya ɗaga a wani wuri, iskar ta bi cikin rim ta fito ta nan.

Saura mai sauƙi ne. A ɗaura bawul da hannu, a sa taya, a shafa kumfar sabulu a gefenta. Ana bukatar iska mai yawa a lokaci guda, don haka akan zare zuciyar bawul. Idan famfon gida ya gaza, injin mai faci zai yi, amma a sa masa ido. Ya saba da babbar tayar mota, ta keke kuwa nan da nan take cika, kuma rim marar ƙugiya a leɓe iyakarsa psi 72.5. Za a ji ƙara "tas, tas", alamar taya ta zauna. Sai a saki iskar, a ɗura ruwan roba kamar mililita 60 ta bawul, a mayar da zuciyar, a sake hurawa, a jujjuya wilin ta kowane gefe. Ɗan zagaye a unguwa ya fi girgizawa da hannu aiki.

Abin da masu talla ba su cika faɗa ba shi ne, ruwan yana bushewa. A ƙasashe masu sanyi yakan kai wata shida, amma a zafin bazara irin na Sakkwato ko Damagaram ya kamata a leƙa shi duk wata biyu. Tayar tubles kuma ta fi mai tiyub saurin rage iska, sai an riƙa aunawa kafin fita. Wato wahalar ba gushewa ta yi ba, daga bakin hanya ta koma tsakar gida.

Kuma ruwan yana da iyaka. Babban huji sai an cusa masa zaren roba, tsagar gefe kuwa ba ta da magani sai tiyub, don haka a riƙa tafiya da guda a jaka. Kafin a sa shi, a bi cikin tayar da yatsa a hankali, domin duk ƙayoyin da ruwan ya rufa wa asiri watanni suna nan a soke, kuma ɗaya ta isa ta huda sabon tiyub.