Dabinon Kanari: Ado A Bakin Titi, Zuma A Tukunya

Mutane da yawa sukan sayi dashen dabino na ado, su kafa a ƙofar gida, su yi ta ban ruwa shekara da shekaru suna jiran ranar da za su yi buɗa baki da 'ya'yansa. In dabinon Kanari aka sayar musu, to, jiran ba zai biya ba.

Asalin wannan itace daga Tsibiran Kanari yake, watau waɗansu tsibirai na ƙasar Sifen da ke cikin teku, wajen mil 60 daga gaɓar Maroko. Ɗan'uwan dabinonmu ne na Dutse da Agadas, haka kuma ɗan'uwan kajinjiri ne, amma ya fi su kaurin jiki da cikar ganye, yakan kuma kai ƙafa 60 a tsaye. Saboda kwarjininsa ne aka jera shi a manyan titunan Faransa da Italiya da Kalifoniya. A 1991 hukumar tsibiran ta yi doka ta mai da shi alamar ƙasarsu.

Ba ya fid da 'ya'ya a gindi kamar dabinon ci, saboda haka da ƙwallo kaɗai ake shuka shi, ba kuwa mai sanin mace ce ko namiji sai ya yi fure. Yana son rana da ƙasa mai tsane ruwa, yana da nawar girma. Mai sassabe ya yi hattara, gama ƙayoyin gindin ganyensa sun yi tsawon yatsa, sukansu kuwa yakan kumbura.

'Ya'yansa ana ci, ba su da dafi, sai dai ƙwallo ne da ɗan nama kaɗan, galibi dabbobi ake ba. Abincin da ke jikinsa yana can ƙoli. A tsibirin La Gomera akwai masu sana'ar hawansa, su sare ganyen tsakiya, su kankare saman kan a hankali ba tare da sun taɓa zuciyar itacen ba. Kowace yamma sai a sake kankarewa a rataya bokiti, ruwan ya kwana yana ɗiga. Tun da asuba ake saukewa, don in rana ta taɓa shi sai ya yi tsami ya kama hanyar zama bammi. Daga nan sai tukunya: a yi ta dafawa sa'o'i, galan takwas ya koma kamar galan ɗaya na baƙin maɗi mai kauri, wanda suke kira zumar dabino, suna zuba wa cuku da garin gasasshen hatsi. Dokar Tarayyar Turai dai ta keɓe sunan zuma ga ta ƙudan zuma kaɗai, abin da bai yi wa mutanen Gomera daɗi ba. Itacen da aka tatsa akan bar shi ya huta wajen shekara biyar.

Babban abokin gabansa wani jan ƙwaro ne mai dogon baki, wanda tsutsarsa kan cinye cikin itacen kafin a farga. Ya shiga tsibiran a 2005 ta cikin dabinon da aka shigo da shi daga waje, ba a raba su da shi ba sai 2016, bayan an sare itatuwa masu yawa an kuma hana shigo da dashe.