Awon kolestarol a cikin abinci

Awon kolestarol a cikin abinci shi ne gano yawan wannan sinadari mai kama da kitse a ɗakin gwaje-gwaje. Ana samun kolestarol a abincin da ya fito daga dabba, kamar nama, ƙwai, kifi, nono da man shanu. Ana bayyana sakamakon da miligiram a kowane giram 100. Man shanu, alal misali, yana ɗauke da kusan miligiram 215.

Shirya samfuri

Da farko ana niƙa abincin ya yi laushi, sannan a tatso kitsensa. Sananniyar hanyar tatsa ita ce ta Folch ta shekarar 1957, wadda ake haɗa kashi 2 na kulorofom da kashi 1 na metanol. Daga nan sai a dafa kitsen da sinadarin potasiyam haidiroksaid. Yawancinsa zai koma sabulu, kolestarol kuwa ba ya komawa, don haka ana iya ware shi.

Hanyoyin awo

Hanyar launi ta Liebermann da Burchard ta samo asali ne a shekarar 1885. Ana zuba sinadarai masu asid, ruwan ya koma kore, sai na'ura ta auna ƙarfin launin. Tana da arha.

Hanyar enzayim tana amfani da kolestarol oksides, wanda ke haifar da sinadarin da ake aunawa ta launi.

Kuromatogirafi, na iskar gas ko na ruwa, yana raba sinadarai ɗaya bayan ɗaya kafin awo. Ya fi daidaito, amma na'urarsa tana da tsada.

A kudancin Kano

Abincin yankin yana nuna dalilin zaɓen hanya da kyau. Nono da man shanu na makiyayan Doguwa da Tudun Wada, da kifin madatsar ruwa ta Tiga a Bebeji, daga dabba suke zalla. Tsire da kilishi da ake sayarwa a kasuwanni irin ta Kwanar Ɗangora a Ƙiru kuwa, ana haɗa su da ƙuli-ƙuli. Gyaɗa tana da sinadarai masu kama da kolestarol, ana kiran su fitostarol, kuma hanyar launi da ta enzayim ba sa bambance su. Sakamakon yakan zarce na gaskiya, shi ya sa kuromatogirafi ya fi dacewa da irin wannan abinci mai gauraye.